SAMPEA 20-T: waken Samaru da ya sauke mini tankin feshi

Wahalar noman wake tana farawa ne ranar da ya buɗe fure. A lokacin tsutsar nan da malaman gona ke kira maruka take shigowa, ta cinye furen, ta huda kwanson, ka zo cira ka tarar da ganye ya yi shar amma babu 'ya'ya. Idan ta yi ƙamari takan tafi da kashi 80 cikin 100 na abin da ka shuka. Shi ya sa manomin wake ba ya rabuwa da goyon tanki, a yi feshi sau shida, wani har takwas, kafin a kai ga girbi.

Irin da nake magana a kai, SAMPEA 20-T mai kashe maruka da kansa, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya fito, wato IAR, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, shekara 40 kafin a kafa jami'ar kanta. Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, wato AATF, aka sake shi ga manoma a watan Disamban 2019. Ni dai tallar rediyo ba ta sa ni sayen iri. Sai da na ga gonar maƙwabcina da idona tukuna na sa kuɗina.

Fari ne, ƙwayarsa madaidaiciya, kuma ba ya yaɗo sosai, tsaye yake tashi. Cikin kwana 70 zuwa 75 ya nuna, don haka wanda ya shuka a farkon Agusta ya gama cira kafin iskar hunturu ta kankama. Tun da daga SAMPEA 10 aka samo shi, ya gaji juriyar ƙuduji, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ɓangaren gonata mai jigawa ƙuduji ya daɗe da mayar da shi nasa.

Amma inda na fi jin daɗinsa feshi ne. Sau biyu masu binciken suka ce ya isa, haka kuwa na gani. Kuɗin magani ya ragu, wannan kowa zai lissafa. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne yaran da muke ɗauka su yi mana feshin, ba takunkumi, ba safar hannu, iska na kaɗo musu maganin a fuska, su dawo gida da ciwon kai da ƙaiƙayin ido. Ga robobin maganin da ake yarwa a bakin rafi. Ga kuma wanda zai ci. Mutane sun manta cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Wancan maganin ajiya ne ya jawo, amma ɗabi'ar ɗaya ce: mun saba da zuba guba a abin da za mu ci. In jami'a ta rage mana ko da rabin wannan, ta yi wa gari aiki.

Kada wani ya ce an gaya masa ba a feshi sam. Maruka kaɗai irin nan yake kashewa. Darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, feshin biyun nan dominsu ne. Haka ƙwaron ajiya bai san wani SAMPEA ba. Ni a buhun PICS mai leda biyu nake zubawa in ɗaure tam, ba na kusantar fiya-fiya.

Harawa ce ba ta kai yadda nake so ba. Mai tumaki da awaki irina ba zai bar kananado gaba ɗaya ba, don haka na raba gonar. A tukunya kuwa uwargida ta ce bawonsa na fita da sauƙi, ƙosai na tashi, alala ma ba laifi, sai dai har yanzu kananado take nema in za ta yi wake da shinkafa.

Na san ana ta muhawara a kan cewa irin GMO ne, kuma haka ne, an sa masa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa mai suna Bt. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin GMO a Najeriya, ta amince da shi a farkon 2019, kuma muna ci a gidana. Masu cewa ba ya sake tsirowa kuwa, na ajiye nawa na shuka, ya tsiro.

Mai son saye ya nemi na cikin ledar kamfani mai hatimi, ko ya bi ta hannun malamin gona. Wani ɗan'uwana ya auni nasa a mudu a kasuwar ƙauye, mai sayarwa na rantsuwa shi ne, tsutsa ta cinye shi tas. Kuma a nema tun watan Yuni, don in ruwa ya zauna samunsa wuya yake.