Thunderbolts ta 1997 ko Dark Avengers? Ga wanda zan ce ka saya

Ɗan'uwa, tunda ka ce kuɗin littafi ɗaya gare ka a wannan watan, kuma idonka na kan Thunderbolts ta farko da Dark Avengers, littattafan labarin zane (comics) biyu na kamfanin Marvel da miyagu ke shigar jarumai a cikinsu, to ka sayi Thunderbolts. Duka biyun suna cikin kabad ɗina. Ɗaya har bangonsa ya fara laushi saboda yawan aro, ɗayan kuwa yana nan kamar jiya aka kawo shi, ba don ina tattalinsa ba, sai don babu abin da ke sa in sake buɗe shi.

A 1996 kamfanin Marvel ya yi wani babban labari mai suna Onslaught, wanda a ƙarshensa jama'ar cikin labarin suka ɗauka Avengers da Fantastic Four duk sun mutu. New York ta zama kango, ɓarayi suna kwasar ganima da rana tsaka, babu mai tsawata musu. Ana cikin wannan hali sai ga wasu jarumai shida da ba wanda ya taɓa jin sunansu, suna kiran kansu Thunderbolts, cikinsu har da shugabansu, wani mai takobi da ake kira Citizen V. An fara ganinsu a Incredible Hulk fitowa ta 449, sannan a 1997 aka ba su nasu littafin, Kurt Busiek na rubutawa, Mark Bagley na zanawa. A fitowar farko suka fatattaki 'yan kwasar ganimar nan da ake kira Rat Pack, suka kuma gwabza da Wrecking Crew a wajen mutum-mutumin 'yanci. Gari ya ɗauki murna, 'yan jarida suka yi ta rububinsu. Sai a shafin ƙarshe Citizen V ya fito a matsayin Baron Helmut Zemo, ɗan wani mugun masanin kimiyya na 'yan Nazi, sauran biyar ɗin kuma tsofaffin 'yan ƙungiyar miyagu ne mai suna Masters of Evil. Beetle ne ya koma MACH-1, Screaming Mimi ta koma Songbird, Goliath ya koma Atlas, Fixer ya koma Techno, Moonstone ta koma Meteorite.

Ka riga ka san wannan sirrin, shi ya sa ma ka yi tambayar. Amma akwai ɗan yayata da na ba aron littafin lokacin hutun makaranta, shi bai san komai ba, ban kuma gaya masa ba. Yana kwance a kan tabarma a tsakar gida yana karatu, yana ta yabon Citizen V, har yana cewa wannan ya fi Captain America iya magana. Da ya kai shafin nan sai ya miƙe zaune, ya dube ni ya ce, "Kawu, wallahi sun yaudare ni." Bai ci gaba ba, fitowar ya sake daga farko, yana bin kowace magana da suka yi wa 'yan jarida yana gano inda ƙaryar take. Daga baya da ya zurfafa, abin da ya dame shi ya canza. Ya daina tambayar yaushe za a kama su, ya koma roƙon Allah ya sa kada a kama Songbird. Na ji daɗin wannan ranar ƙwarai, domin abin da littafin ya yi mini ke nan ni ma.

Dalilin Zemo a fili yake. Yana son hukuma ta amince da shi har ta buɗe masa bayanan sirrin Avengers da na hukumar leƙen asiri ta S.H.I.E.L.D., abin da ƙarfi bai taɓa ba shi ba. Ka tuna Zemo da Masters of Evil ɗinsa ne, a labarin da Roger Stern ya rubuta a tsakiyar shekarun 1980, suka mamaye gidan Avengers, suka yi wa Hercules dukan da ya kai shi doguwar suma, suka azabtar da Jarvis, dattijon da ke yi wa gidan hidima. Yanzu ga shi ofishin magajin gari ya haɗa su da jami'arsa Dallas Riordan, an kuma damƙa musu Four Freedoms Plaza, ginin Fantastic Four, su zauna a ciki. Ko sunan Citizen V ɗin ma na wani jarumin yaƙin duniya na biyu ne da mahaifin Zemo ya kashe.

Abin da Zemo bai lissafa ba shi ne yadda godiyar mutane za ta shiga jikin yaransa. Abner Jenkins, wato Beetle, makaniken jirgin sama ne da ya shiga ta'asa saboda ba a ganin ƙimarsa, ya kuma shafe shekaru Spider-Man na lallasa shi. Yau ga yara suna neman ya sa musu hannu a takarda. Akwai wani ɗan labari da aka ɗora wa Spider-Man laifin da bai yi ba, shaidar da za ta wanke shi ta faɗo hannun Abner, tsohon abokin gabarsa, ya yi ta kokawa da zuciyarsa, a ƙarshe ya miƙa ta. Atlas ya kamu da son Dallas alhali kullum ƙarya yake shara mata, ga kuma bashin rai da Zemo ke bin sa, don shi ya ceto shi daga inda ya maƙale. Sai kuma a fitowa ta 4 wata yarinya marainiya, Hallie Takahama, wadda ta samu ƙarfi bayan gwaje-gwajen da Arnim Zola ya yi a kanta, ta shigo cikinsu da sunan Jolt. Ita tsakani da Allah ta yarda jarumai ne. Daga ranar dole su riƙa wasan kwaikwayon har a cikin gida, a wajen cin abinci, domin akwai mai kallonsu da idon girmamawa.

Tunda karo da sauran miyagu ne ya fi jan hankalinka, a nan ma Thunderbolts ta yi gaba. A fitowa ta 3 wata mai lulluɓi da ake kira Crimson Cowl ta tara nata 'yan daba, irin su Klaw da Tiger Shark da Man-Killer da Cyclone da Flying Tiger, ta kuma sa musu suna Masters of Evil. Sunan gidan su Zemo ke nan, ubansa ne ya kafa ƙungiyar. Ka duba halin da ya shiga: an sace masa gado a bainar jama'a, ransa na tafasa, amma ba shi da bakin cewa nawa ne, domin a gaban kyamara shi Citizen V ne mai kishin gaskiya. Kowane naushi a wannan faɗan yana da fuska biyu. Jama'a na ganin jarumai suna kare gari, mai karatu na ganin shugaban 'yan daba yana rama cin fuska. Ga kuma fargabar kada wani tsohon abokin sana'a ya gane murya ko salon faɗan ɗayansu, musamman Songbird da na'urarta ta samo asali daga fasahar Klaw ɗin da take fuskanta. Ba zan gaya maka wace ce a cikin lulluɓin ba. Amsar tana can gaba sosai, kuma an yi wasa da hankalin masu karatu kafin a kai gare ta.

Dark Avengers kuwa, ta fito ne a 2009, Brian Michael Bendis na rubutawa, Mike Deodato na zanawa, fitowa 16. Bayan Secret Invasion ta 2008, Norman Osborn, wato Green Goblin da ya kashe Gwen Stacy tun 1973, ya harbe sarauniyar Skrull, baƙin halittun da suka kawo wa duniya mamaya, duniya na kallo a talabijin, sai gwamnatin Amurka ta rushe S.H.I.E.L.D. ta miƙa masa tsaron ƙasa da sabuwar hukuma mai suna H.A.M.M.E.R. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya sa sulke ya kira kansa Iron Patriot, ya ba Bullseye kayan Hawkeye, Venom ya zama Spider-Man, Daken ya sa kayan ubansa Wolverine, Moonstone ta zama Ms. Marvel, ya haɗa da Ares da Sentry da Noh-Varr. Zanen Deodato yana da kyau, duhu da inuwa da ƙirar jiki, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Fitowa ta 5 ma, inda Osborn ya zauna hira a talabijin yana wanke kansa bayan Clint Barton, Hawkeye na asali, ya tona shi, an rubuta ta da kyau. Iyakar yabon da zan iya ke nan.

Matsalata da shi ita ce kayan jarumtar ba su taɓa kowa ba. Bullseye makashi ne a shafin farko, makashi ne a na ƙarshe, har matar Sentry sai da ya jefo daga jirgi mai saukar ungulu. Venom na nan da cin mutanensa. Noh-Varr kaɗai ke da zuciya, shi kuma da ya gane da su wa yake zaune sai ya gudu tun da wuri, ya bar ka da sauran. Karonsu da miyagu ma ba shi da zafin da nake nema. Labarin farko Morgan le Fay ce ta far wa Doctor Doom a Latveria, Osborn ya kai masa ɗauki saboda suna cikin wata majalisar sirri tare da Loki da Namor da Emma Frost da Hood. Aljanu ne da tafiya cikin zamani da ƙara mai yawa, amma babu wanda sirrinsa ke cikin haɗari, domin Osborn ne hukuma, wa zai kama shi?

In kana son ganin bambancin a jikin mutum ɗaya, dubi Moonstone, tunda tana cikin littattafan biyu. A hannun Busiek, Karla Sofen likitar ƙwaƙwalwa ce da ta san raunin kowa a ƙungiyar. Ita ta tura maganar karɓar Jolt a gaban 'yan jarida yadda Zemo ba zai iya ƙi ba, ta riƙa nuna wa yarinyar kulawa irin ta uwa don ta samu abin da za ta karya Zemo da shi, har kai mai karatu ka kasa rabe inda makirci ya tsaya da inda ƙauna ta fara. A Dark Avengers an rage ta zuwa mai kwarkwasa da mazan ƙungiya. Wannan ya ba ni haushi sosai, kuma shi da zubar da jinin da ke ciki ne suka sa ba na barin yaran gida su taɓa littafin.

Sai maganar kuɗi. Fitowa 12 na farkon Thunderbolts labari ne cikakke: a ta 10 asiri ya tonu, kuma Zemo da kansa ya tona don ya toshe wa yaransa hanyar komawa, a ta 12 kowa ya zaɓi ɓangarensa. Dark Avengers ba haka take ba. Fitowa ta 7 da ta 8 rabin wani labari ne da X-Men mai suna Utopia, wanda Matt Fraction ya rubuta, sauran rabin yana wani littafin. Faɗuwar Osborn da kake jira tun farko, harin da ya kai wa Asgard, birnin su Thor, a Oklahoma, tana cikin Siege ta 2010, wani littafi daban mai fitowa 4. Na kai ƙarshen nawa na tarar sai na sake buɗe aljihu kafin in ga yadda aka kama shi, kuma har yau ina jin ciwon kuɗin nan. Ga shi Bendis na iya cinye shafuka da hirar mutum biyu, kafin shayinka ya huce ka gama fitowa guda. Busiek salon da ne, rubutu cunkus, da tunanin zuci a rubuce, launuka kuma masu haske irin na shekarun 1990. Wasu na ganin ya tsufa. Ni dai na ga ya fi daɗewa a hannu, Turancinsa kuma bai da wuyar bi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a WhatsApp da Instagram, musamman tun fitowar fim ɗin Thunderbolts na 2025. Fim ɗin su Yelena da Bucky ne, ba labarin Zemo ba, kuma wasu na liƙa hotonsa su sayar maka da duk abin da ke ɗauke da sunan. Thunderbolts iri-iri ce: akwai ta Warren Ellis ta 2007 da Osborn ke shugabanta, akwai ta Luke Cage, akwai ta Red Hulk. A 2012 ma an canza wa Thunderbolts suna zuwa Dark Avengers daga fitowa ta 175, don haka ko wancan ɗin ka nema ana iya miƙo maka wanda ba na Bendis ba. Taken Justice, Like Lightning shi ma yana kan bugu biyu, wani tsoho siriri da ya tsaya tun kafin asiri ya tonu, da kuma mai kauri na jerin Epic Collection. Mai kaurin kake so. Ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton bayan littafin, inda ake rubuta lambobin fitowar da ke ciki, ka tabbatar ka ga 1 zuwa 12 da sunan Busiek da Bagley. Ka kuma nemi bidiyo yana buɗe shafukan, domin akwai masu buga na intanet a firinta su ɗaure da gam su kira shi na asali, akwai kuma wanda ruwa ya taɓa shafukan suka manne. Wani abokina ya tura kuɗi gaba ɗaya, aka aiko masa da fitowa guda mai 'yan shafuka a farashin juzu'i, da ya yi magana aka toshe lambarsa. Kada ka biya duka sai kaya ya iso hannunka ko hannun wanda ka yarda da shi.

In ka gama waɗannan 12 ɗin kuɗi suka sake samuwa, juzu'i na gaba za ka nema, ba Dark Avengers ba. A nan ne Hawkeye na gaskiya, wanda shi ma da laifi ya fara a 1964 kafin Avengers su karɓe shi, ya zo ya karɓi ragamar ƙungiyar, da sharaɗin Abner ya miƙa kansa ya yi zaman gidan yari kan kisan da ya taɓa yi. A nan ne kuma Crimson Cowl ke dawowa da miyagu 25 a fitowa ta 25.