Guringuntsin gwiwa ya ƙwaƙule: a yi aiki ko a bi ta gashi?

Assalamu alaikum. Ƙaninmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya kawo tambaya, ga ta a taƙaice don wanda bai gani ba. Shekararsa 24, tun yana yaro yake buga ƙwallo a filin sakora, wato filin ƙasa marar ciyawa, wata takwas da suka wuce ya murɗe gwiwar dama. Ya je wurin maɗori, kumburi ya sauka, amma duk ranar da ya buga sai gwiwar ta kwana cike da ruwa. Hoton MRI ya nuna guringuntsin ƙarshen ƙashin cinya ya ƙwaƙule ta ɓangaren ciki, faɗin wurin kamar santimita ɗaya da rabi. Likita ya ce ana iya aikin tiyata, ana kuma iya jarraba gashi tukuna. Da pragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya, yake cin abinci, kuma yana so a jera masa hanyoyin biyu ya gani.

Ƙanina, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Gashin ƙashi ne sana'ata a nan Kumasi. Ban taɓa gwiwarka da hannuna ba, don haka maganar likitan da ya duba ka tana gaba da tawa.

In ka je wurin mahauci, ka ce ya nuna maka kan ƙashin ƙafar saniya. Farin nan mai sheƙi da santsi da ya lulluɓe bakin ƙashin, shi ne guringuntsin da muke magana a kai. A gwiwar mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kawai. Babu jijiyar jini a cikinsa, babu jijiyar da ke jin zafi. Fata in ta yanke jini ne ke kawo kayan gyara, ƙashi ma in ya karye haka, shi ya sa ɗori ke kamawa. Guringuntsi ba shi da wannan gatan, daga ruwan gaɓa yake tsotsar abincinsa. Tun 1743 wani likita a Landan, William Hunter, ya rubuta cewa in ya lalace ba ya komawa. An samu ci gaba sosai tun daga lokacin, amma har yau babu hanyar da ke mayar da shi daidai yadda Allah ya halitta. Hanyoyin biyu duka lallaɓa gwiwa ne don ta daɗe tana yi maka aiki. Zafin da kake ji daga ƙashin da ke ƙarƙashi yake fitowa, da kuma fatar cikin gaɓar da ke fusata ta tara ruwa.

Mu fara da hanyar da ba wuƙa. Mutanenmu na jin kalmar gashi sai su hango ruwan zafi da man shafawa da tausa. Wannan ɗan ƙaramin ɓangare ne. Ainihin aikin gina tsoka ne. Yau ɗin nan ka ari awon tela, ka auna kewayen cinyarka yatsa huɗu sama da ƙoƙon gwiwa, dama da hagu. Yawancin samarin da ke zuwa wurina bayan wata shida da ciwo, cinyar mai ciwon ta rame da santimita biyu ko uku, kuma ba su sani ba sai sun ga awon da idonsu. Kumburin ne ke sa tsokar ta ƙi kamawa. Tsokar cinya da ta ƙugu su ne ke shanye bugun ƙasa kafin ya isa gaɓa, in suka yi rauni sai nauyin ya sauka kai tsaye a kan ramin, gwiwa ta sake kumbura, tsoka ta ƙara ramewa. Wannan zagayen muke karyawa: tuƙa keke, ɗaga ƙafa a miƙe, tura nauyi da ƙafa, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tsuguno rabi ba har ƙasa ba, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, sau uku a mako, na tsawon mako goma sha biyu aƙalla. Gwiwar da kanta za ta gaya maka in ka wuce gona da iri: in ta wayi gari a kumbure, ka koma baya taki ɗaya. In akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ka zubar yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. A watannin nan babu ƙwallo, kuma in zaman tahiya yana tayar da ciwon ka yi sallarka a kan kujera, malamai sun yi bayanin wannan sauƙin.

Sai maganar ƙwaya. Na san abin da ake yi a zango: a haɗiyi diclofenac kafin a shiga fili, wasu har tramadol. Ƙanina, don Allah ka daina. Diclofenac da ibuprofen suna da amfani na 'yan kwanaki in gwiwa ta tashi, amma shansu kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma kashe zafi don ka yi gudu a kan ramin ƙara faɗinsa kake yi. Tramadol kuwa mun ga 'ya'yan da ya raba da hankalinsu, ba sai na faɗa ba.

Allurai kashi uku ne ake tallatawa. Ta sitiroyid tana sauke kumburi na 'yan makonni, amma a wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, masu ciwon gaɓa da aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu sun fi zubar da guringuntsi a kan waɗanda aka yi wa ruwan gishiri. Ba abin maimaitawa ba ne ga ɗan shekara 24. Ta biyu mai yauƙi ce kamar man gaɓa. Ta uku, PRP, jininka ake ɗiba a juya a inji a mayar da wani sashe cikin gwiwa. Wasu na samun sauƙin zafi na watanni da su, amma babu wadda aka tabbatar tana cike rami, haka ma ƙwayoyin gulukosamin da ake sayarwa da tsada.

Alherin wannan hanya a fili yake: kuɗinta kaɗan ne, kana ci gaba da neman abincinka, babu haɗarin da ke tattare da wuƙa, kuma ba ta rufe ƙofar aiki. Rauninta shi ne ramin yana nan. Masu kallon ƙwallon Ingila za su tuna Ledley King, tsohon kyaftin ɗin Tottenham. Guringuntsin gwiwarsa ya ƙare, ya daina atisaye da 'yan wasa a tsakiyar mako, sai motsa jiki shi kaɗai, ya buga wasa, gwiwa ta kumbura, ya jira ta sauka. Ya yi shekaru a haka yana wasa mai kyau, amma a 2012 ya ajiye takalmi yana da shekara 31. Misalinsa ya nuna nisan da lallaɓawa ke iya kai mutum, ya kuma nuna iyakarta.

Aiki kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Mafi sauƙi, a shiga da siririyar kyamara ta ƙananan huda biyu, a share gefen da ya yi buzu-buzu, a fitar da ɓarɓashin da ke yawo. Yana rage saƙewa, kana takawa da wuri, amma bai cike komai ba.

Na biyu shi ne huda ƙashi, wanda likita Richard Steadman ya yaɗa daga Amurka tun shekarun 1980. Ana kankare ramin har a kai ƙashi, a yi masa ƙananan huda, tazarar milimita 3 zuwa 4 tsakaninsu. In aka rage ƙarfin ruwan da ake tura wa cikin gaɓar lokacin aikin, sai ka ga a allo jini da ɗigon kitsen ɓargo suna tsattsafowa daga kowace huda, su taru su daskare su cike ramin. Daskararren jinin nan ne ke rikiɗa ya zama faci. Sai dai facin tabo ne, bai kai na asali santsi da juriya ba. Ya fi dacewa da ƙaramin rami irin naka, ya fi araha, amma ga mai gudu da juyi sakamakonsa kan fara ja baya bayan shekara biyu zuwa biyar.

Na uku, dashe daga jikinka: a yanko ɗan dunƙulen ƙashi da guringuntsinsa daga gefen gwiwar da ba ya ɗaukar nauyi sosai, a dasa a ramin kamar yadda kafinta ke toshe huda da turaku. Ana kiransa OATS. Guringuntsi na gaske ne ke cike wurin, kuma a kwatancen da aka yi tsakanin samari 'yan wasa ya fi huda ƙashi daɗewa da mayar da mutum fili. Illarsa, wurin da aka ɗebo kan yi ciwo, kuma ba ya isa babban rami. Na huɗu, renon ƙwayoyin guringuntsi a ɗakin gwaji a dawo a dasa, wanda likitocin Gotenbag a Suwidin suka bayyana sakamakonsa a 1994, na manyan ramuka ne. Aiki biyu ne, kuɗi mai yawa, galibi sai an tsallaka ƙetare, komawa fili kuma shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga raminka, ka ajiye shi gefe.

Yanzu ga abin da ba a cika gaya wa marar lafiya da babbar murya ba. Aikin awa ɗaya ne ko biyu, jinyar ita ce dutsen. Bayan huda ƙashi, sati shida zuwa takwas kana kan sanduna, ba ka ɗora cikakken nauyi a ƙafar ba, sannan watanni na irin gashin da na bayyana a sama, ƙwallo kuma sai bayan wata shida zuwa tara ko fiye. Na taɓa kula da wani yaro mai dako a kasuwar Kejetia, an yi masa aiki mai kyau, a sati na uku ya jingine sandunan ya koma ɗaukar kaya saboda gida babu abinci. Ban zarge shi ba, har yau in na tuna raina na ɓaci ne da halin da ya tilasta masa. Facin bai gama nuna ba sai ya murje, kuɗin da dangi suka haɗa ya tafi, gwiwa ta koma gidan jiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kai da birkin pragiya ke ƙarƙashin ƙafar damanka, ka lissafa wanda zai riƙe gidan wata biyu kafin ka sa hannu a takarda. Ka ƙara da haɗarin da kowane aiki ke da shi, ko da ba kasafai ba: shigar ƙwayar cuta, daskarewar jini a ƙwauri, sandarewar gaɓa. Mai shan taba ko shisha ma facinsa ba ya kamawa da kyau.

Akwai inda ba na kwatantawa, aiki nake cewa kai tsaye. In gwiwa tana ƙullewa, kana tafiya ta ƙi miƙewa sai ka girgiza ta. In hoton ya nuna guntun da ya ɓalle da ƙashi a jikinsa, domin in an yi da wuri ana iya mayar da shi mazauninsa, kuma babu facin da ya kai wannan. In jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke ƙafa na zamewa, irin ciwon da ya sami Michael Essien a wasan Gana da Libiya a 2008, ko ƙoƙon gwiwa yana gocewa, ko ƙafar baka ce ke jibge nauyi a kan ramin. A irin waɗannan, cike rami ba tare da gyara sanadin ba zuba ruwa ne a kwando.

In babu ko ɗaya daga cikinsu, ga ra'ayina. Ka ba gashi wata uku na gaskiya a hannun ƙwararre, ka rubuta ranar ƙarewa a bango. Ko da a ƙarshe aikin za a yi, ba ka yi asara ba, domin wanda ya shiga ɗakin tiyata da cinya mai ƙarfi ya fi saurin miƙewa. Amma kada wata ukun ya zama shekara biyu. Sakamakon aikin guringuntsi ya fi kyau ga mai ƙananan shekaru da wanda bai daɗe da ciwon ba, kai kuma ka riga ka ci wata takwas. In ranar ta zo cinyoyin sun daidaita, kana gudu a miƙe gwiwa ba ta kumbura, ka ci gaba a haka, ka koma fili sannu a hankali, ka rage bugawa a busasshiyar ƙasa. In har tana tara ruwa duk da ƙoƙarinka, ka koma asibitin Komfo Anokye ko duk inda likitan ƙashinka yake, ka ce ka shirya.

Ranar da za ka je, ka riƙe takardar hoton, ka tafi da babban yayanka ko wanda zai ɗauki nauyin jinyar don ya ji da kunnensa. Ka tambayi likita zurfin ramin, ko ya kai ƙashi, domin mataki huɗu ake kasa shi kuma na huɗu ne ya kai ƙashi. Ka tambayi lafiyar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan da ta jijiyoyin. Ka tambayi wane irin aiki zai yi, huda ko dashe, da dalilin zaɓinsa, da sati nawa za ka yi kan sanduna, da abin da katin inshorar lafiya zai ɗauka da wanda zai fito daga aljihunka har da kuɗin gashi na bayan aiki. Kafin nan ka amsa mini abu biyu: gwiwar tana ƙullewa ko tana zamewa in ka juya, kuma nawa awon telan ya nuna a cinyoyin biyu?