Gargaɗi ga masu motoci: damfarar da ake yi da akwatin fiyus na cikin bonet

Assalamu alaikum. Duk wanda aka ce masa akwatin fiyus na motarsa ya mutu, sai an sayo wani, don Allah ya dakata kafin ya zaro kuɗi. Muna magana ne a kan baƙin akwatin robar nan da ke cikin bonet, galibi kusa da batir, wanda wuta ke ratsawa ta cikinsa zuwa fankar lagireto, famfon mai, fitilu, hon da ƙwaƙwalwar injin. Wasu marasa tsoron Allah sun mayar da shi hanyar cin abinci, saboda sun san mai mota ba ya buɗe shi, ko ya buɗe ma ba zai gane abin da yake kallo ba.

Cutar tana farawa ne tun a gareji, kafin a je kasuwa. Mota ta ƙi tashi ko fanka ta daina juyawa, mai gyaran waya ya ɗaga murfin akwatin, ya girgiza kai, ya ce ya ƙone gaba ɗaya, kuma ya san wanda yake da irinsa. Sau da yawa akwai kason da yake karɓa a wurin mai kayan. Alhali akasarin matsalolin wannan akwati na ƙaramin abu ne guda ɗaya da ke cikinsa. A Toyota Camry da Corolla, idan aka juya kan batir wajen jona mota da wata, babban fiyus mai rubutun ALT ne ke tsinkewa, mai amfiya 100 ko 120 gwargwadon motar. Ba a zare shi da hannu, domin da noti aka ɗaure shi ta ƙasa, sai an ɓalle gindin akwatin an kwance. Wahalar kwancewar ce ke sa malalaci ya ce a canza akwatin duka. A wasu motocin Honda akwai ɗan ƙaramin abu a cikin akwatin mai suna ELD, wanda ke auna yawan wutar da mota ke ja. Idan ya lalace, na'urar gwaji kan nuna P1298, kuma a wasunsu ana samun sa shi kaɗai. Nissan ma a 2010 ta nemi a dawo mata da motoci irin su Pathfinder da Xterra na 2005 da 2006 saboda rile (ɗan makunnin lantarki) guda ɗaya da ke cikin akwatin da suke kira IPDM, kuma rilen kawai aka riƙa canzawa. Haka Chrysler ta yi a 2014 da Jeep Grand Cherokee da Dodge Durango na 2011: rilen famfon mai na cikin akwatin da suke kira TIPM ne ke kasawa, sai aka ɗaura wani a waje aka bar akwatin a wurinsa. Idan kamfanin da ya ƙera motar bai jefar da akwatin ba, me zai sa kai ka jefar?

Saboda haka ka ce a nuna maka da mita, a gabanka. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 idan mota na kashe. Kowane ƙaramin fiyus yana da ƙananan ƙarafa biyu a bayansa. A kunna makulli a taɓa su, wuta ta bayyana a duka biyun. Idan gefe ɗaya ne kawai, fiyus ɗin ne ya tsinke. Rile kuma a zare shi a auna tsakanin ƙafa 85 da 86, a ga wani abu tsakanin om 50 da 120, ko a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya, kamar na hon, a ga ko matsalar ta koma can. Gwajin da ke tabbatar da cewa akwatin kansa ne ya lalace shi ne a kunna kayan da ke ba da matsala, a auna tsakanin inda wuta ta shiga akwatin da inda ta fita. Idan abin da ya ɓace a tsakani ya haura volt 0.2, akwai tsatsa ko sakwarkwacewa a ciki. Sai kuma abin da ido ke gani: robar da ta narke, ramin fiyus da ya yi baƙi, ƙarfen da ya buɗe baki har fiyus yana rawa a ciki.

Idan ta tabbata sai an canza, nan ne babbar cutar take. Kusan duk akwatin da za ka samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ɗan Beljiyam ne, wato cirarre daga wata mota. Wannan ba laifi ba ne, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana a duk waɗannan wurare. Matsalar ita ce na motocin da ruwa ya ci. Bayan manyan guguwowin Amurka irin su Katrina a 2005, Harvey a 2017 da Ian a 2022, kamfanonin inshora sun yi gwanjon motoci masu ɗimbin yawa da suka nutse, wasu a ruwan gishiri, kuma irin waɗannan motoci da kayansu suna bazuwa ƙasashen waje. Mu ma nan gida ambaliya tana cin motoci duk damina. Akwatin fiyus ba fanko ba ne. A cikinsa akwai faifan tagulla hawa-hawa da roba a tsakaninsu, na zamani kuma har da allon lantarki. Idan ruwa ya shiga tsakanin hawan nan ba ya fita da wuri. Macuci zai wanke bayan da fetur da buroshi, ya goga mai ya yi ƙyalli, ya jera sababbin fiyus masu launi. Za a ɗaura, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Bayan sati biyu ko wata guda, tsatsar cikin ta gama cin hanya: fanka ta riƙa juyawa bayan an zare makulli, batir ya riƙa mutuwa cikin dare, waifa ta tashi da kanta, ko mota ta mutu ana tsakiyar gudu, wanda shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali, domin rai ne a ciki.

Ka juya akwatin ka duba ƙasansa da tocila, don saman shi ake yi wa kwalliya. Ka leƙa cikin soket-soket ɗin: kore-kore a jikin tagulla, ko farin gari kamar toka, alamar ruwa ce. Ka duba lungunan da buroshi ba ya kaiwa ko akwai busasshen laka ko yashi. Ka zare rile biyu ko uku ka ga ƙafafunsu. Ka sansana shi. Warin ƙuna ba ya ɓuya, haka ma warin rima. Ƙugiyoyin roba da suka karye ko alamar an zura sukundireba a gefe na nufin an taɓa farke shi. Wasu sukan buɗe su yi gada da waya ko dalma a kan hanyar da ta ƙone, su mayar su rufe. Akwatin da ya fi motar da aka ce an ciro shi tsabta nesa ba kusa ba, shi ma abin tuhuma ne.

Sai maganar lamba. “Ai duk ɗaya ne, zai shiga” ita ce kalmar da ta fi jawo asara. Shiga daban, aiki daban. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da akwati dabam saboda girman injin, irin giya, fitilar hazo, ko ƙasar da aka ƙera ta dominta. A Peugeot 206 da 307 akwatin da ake kira BSM yana da rubutu irin B3, B4 ko B5, kuma ba kowanne ne ke ɗauke da rilen da ɗan'uwansa ke da shi ba. Na Honda lambarsa kan fara da 38250, amma haruffan da ke biye su ne ke raba gardama. Ka tafi da tsohon naka, a ajiye su gefe da gefe, a karanta lamba harafi-harafi, a ƙirga ƙafafun kowane soket. Lambar da ke jikin akwatin ake dubawa. Murfi ana iya ɗauko shi daga ko'ina a kifa, takardar da aka manna kuma ana iya ɓare ta a sake mannawa.

A Toyota da yawa akwatin haɗe yake da damin wayoyin injin, don haka masu cirewa sukan datse wayoyin. Wanda zai sayar maka da irin wannan ya bar aƙalla taƙi guda na waya, kuma a haɗa kowace da dalma ko matsi mai kyau a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif a wurin da amfiya 30 ko 40 ke wucewa, kunna wuta ne da jinkiri.

Ana kuma karɓar kuɗin “saiti da kwamfuta” a inda babu buƙata. Akwatin da fiyus da rile ne kawai a ciki ba a yi masa wani saiti. A waɗancan Peugeot ɗin, BSI, wato akwatin kwamfuta na cikin mota, shi ke riƙe da sirrin makulli, BSM na bonet ɗaurawa kawai ake yi. Wasu motocin, kamar Mercedes masu akwatin da ake kira SAM, suna iya buƙata. To a nan ka tsaya ka ga an jona na'urar da idonka.

Masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa a turo rabin kuɗi su saka kaya a mota, wasunsu daga intanet suke kwafo hotuna. Ka ce a yi kiran bidiyo, a nuna lambar jikin akwatin da ƙasansa, a rubuta sunanka a takarda a ajiye kusa da shi. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba. Kuma kafin ka bar motarka a gareji, ka karce wata alama da ƙusa a gefen tsohon akwatin, ka ce za ka karɓi abinka bayan aiki. Akan wanke wa mutum nasa, a canza fiyus ɗaya, a sayar masa da shi a matsayin ɗan Beljiyam.

Kada a manta da fiyus ɗin kansu, domin jabu sun cika gari, kuma su ne ke narkar da akwatuna da yawa tun farko. Launi yana da ma'ana: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fiyus na ƙwarai, idan wuta ta ninka abin da aka rubuta masa, zai tsinke cikin daƙiƙa 5. Na jabu yakan zauna daram, waya ta yi zafi, roba ta narke. Ka ɗaga na 10 da na 30 daga fakiti ɗaya ka duba a haske. Idan kaurin zaren cikinsu ɗaya ne, launi kawai aka canza. Masu Golf 4 da Sharan su lura musamman: akwatin da ke kan batir ko kusa da shi yakan narke ne saboda wayar altaneta da bakinta ya yi tsatsa, ko fankar da ke jan wuta fiye da kima. Idan ba a gyara wannan ba, sabon ma zai narke, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wajen ɗaurawa, a ɗauki hoton tsohon kafin a taɓa komai. A kashe mota a zare makulli. A Peugeot a jira minti 3 kafin a cire batir don BSI ya kwanta. A fara cire kan nagetif da sifana lamba 10, a dakata wasu mintuna saboda jakar iska. A kwance babbar wayar da ta zo daga batir da ta altaneta, a saki soket ta hanyar ɗaga makullansu ba da fizga ba. A mayar da fiyus da rile bisa zanen murfin motarka, a ɗaure notin manyan wayoyi tamau, domin sakwarkwacewarsu ce ke haifar da zafi. Bayan an tayar, a kunna fitilu da esi da fanka na minti 15, a taɓa akwatin a ji ko wani wuri ya yi zafi. Sannan a kashe komai, a jira rabin awa, a auna wutar da mota ke sha tana kwance. Kada ta wuce miliamfiya 50. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar akwatin da sharaɗin mayarwa na aƙalla sati biyu, a rubuce, kafin ka cika kuɗin.