Wata uku da kantar kayan sauti mai hawa huɗu, ga abin da na gani

Tun da na gaji garmahon mahaifina, Allah ya jiƙansa, wani Technics ne tsoho da faifai kusan kwali biyu, nake fama da wani gurnani a sifika, irin zuuu ɗin nan da ba ya tsayawa, da an ɗaga murya sai shi ma ya ƙaru. Idan na kunna CD babu shi, sai na koma kan garmaho ya dawo. Na canja wayoyi har sau biyu, na sayi masu kauri masu bakin ruwan zinare a Sabon Gari, gurnanin nan yana nan daram.

A lokacin komai a kan teburi ɗaya yake a falo, amfilifaya a ƙasa, CD a kansa, garmaho a gefe, sai sitabilaiza ɗina manne da garmahon saboda nan soket yake. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya shigo ya duba, bai ma kunce komai ba, ya ɗaga sitabilaizan ya matsar da shi kamar taku biyu, wallahi sai gurnanin ya ragu a kan idona. Ya ce "Ɗana, kayanka lafiyarsu ƙalau, zama ne ka haɗa su da wanda ba sa jituwa." Na ce "Baba to yaya zan yi?" ya ce in nemi kanta mai hawa-hawa, in raba su.

Bayanin da ya yi min, daga baya na ƙara fahimtarsa. Duk abin da ke da taransifoma a ciki, sitabilaiza ne ko amfilifaya ko ƴar adaftan nan baƙa da ake maƙalawa a soket, yana fitar da maganaɗisu a kewayensa, kuma wutarmu ta nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, to wannan juyawar ce kunne ke ji kamar gurnani. Shi kuma kan allurar garmaho sautin da yake fitarwa ɗan mitsitsi ne, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da CD ke bayarwa ba, dole sai an ninka shi kamar sau 100 kafin ya isa, kuma wajen ninkawar nan ana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi fiye da na sama, shi ya sa ɗan gurnanin da ya shiga wayar allura sai ya fito ƙato. CD kuwa sautinsa da ƙarfinsa yake zuwa, bai damu ba.

To kantar da na sa aka haɗa min, ƙafafunta ƙarfe ne, allunan katako mai kauri, hawa huɗu, kowace ƙafa da kusa mai juyawa a ƙasa don a daidaita ta. Wannan kusar ita ce abin da ya fi burge ni gaskiya, domin tayil ɗin falona ba a daidai yake ba kuma garmaho in ya karkata ko kaɗan allura sai ta riƙa danne gefe ɗaya na faifai. Na aro ma'aunin ruwa na magina na ɗora a kan farantin garmahon da faifai ke hawa, na yi ta juya kusoshin har kumfar ta tsaya a tsakiya.

Jerin da na tsaya a kai bayan gwaji kala-kala: garmaho a can sama shi kaɗai, CD a ƙarƙashinsa, hawa na uku na bar shi fanko da gangan, amfilifaya a ƙasa tunda shi ne mai nauyi kuma shi ke da babban taransifoma. Sitabilaiza ban sa shi a kantar ba kwata-kwata, yana ƙasa a kan tayil can kusa da bango, ya fi mita ɗaya daga garmahon, har ƙas-ƙas ɗin da yake yi idan wuta ta yi ƙasa na daina jin ta a sifika sosai. Wayoyin wuta na ɗaure su suka bi ƙafar hagu, wayoyin sauti suka bi ta dama, inda dole su haɗu sai na sa su gitta juna, ba su kwanta tare ba. Kuma ƴar siririyar wayar nan ta garmaho da ake ɗaurewa a kusar bayan amfilifaya, dan Allah ku duba taku, tawa ashe ta yi sako-sako.

Ranar da na gama na ɗora wani faifan goge da kalangu, kafin kiɗan ya fara akwai ɗan shirun nan da allura ke bi, na ɗaga murya ban ji komai ba sai ƴar ƙarar faifan kansa, na daɗe a tsaye a wurin.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Tazarar hawan ƙasa ta yi kaɗan, yatsa uku kawai ya rage a saman amfilifaya, kuma kun san zafin Kano a watan Afrilu yana wuce digiri 40, bayan awa biyu in na taɓa murfin sai in janye hannu. Dole na mayar aka ɗaga allon. Sannan ƙafafun ƙarfen rami ne a ciki, in ka ƙwanƙwasa suna amo, sai da na ɗura musu busasshen yashi suka yi shiru. Ƙura kuma tunda a buɗe take ta ko'ina, da hunturu ya shigo na san kullum sai na lulluɓe da zane.

Duk da haka zan ba ta huɗu cikin biyar. Wanda zai sa a yi masa irinta ya auna tsayin amfilifayarsa ya ƙara aƙalla taƙi guda a kai kafin mai walda ya yanka ƙarfe, kuma ya ce a sa masa kusoshin ƙasan nan ko da za a ƙara kuɗi.