Gargaɗi ga masu laftof a Zariya: ku kula da mai gyaran da ke zuwa har ƙofar hostal

Assalamu alaikum. Don Allah duk mai ɗa ko ƙani da ke karatu a Samaru, Kongo ko Nuhu Bamalli ya tura masa wannan. Akwai wani mutum da ke shiga guruf-guruf na ɗalibai a WhatsApp yana tallar gyaran laftof. Ba shi da shago. Abin da yake jan mutane da shi shi ne zai zo har inda kake ya karɓa, dubawa kyauta, kwana biyu ya dawo maka da kayanka. Ƙanwata ta faɗa hannunsa makonni uku da suka wuce, kuma har yanzu raina bai huce ba. Sunan da ya ba ta na bogi ne, lambar ma ya kashe ta, don haka salon damfarar zan bayyana muku, shi ne abin da bai canzawa.

Yarinyar nan tana ajin ƙarshe, ta kai babi na huɗu na furojet. HP ce ta hannu na saya mata, RAM (ƙwaƙwalwar da take aiki da ita) 8GB, SSD (ma'ajiyar da duk fayiloli ke ciki) 256GB. Wani dare aka kawo wuta da ƙarfi tana jone da caji, ta ci gaba da rubutu har kwamfutar ta ɗauke. Da safe ta danna, shiru, ko 'yar fitilar caji ba ta kawo ba. Ga malaminta yana jiran aiki ranar Alhamis. Kunya da tsoron faɗana suka hana ta kirana, sai wata ƙawarta ta turo mata lambar wannan mutumi.

Ya zo a kan mashin, tsaf da shi, da jakar goyo da wani kati rataye a wuya. Ya juya kwamfutar, ya danna sau biyu, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ƙaramin aiki ne." Ta miƙa masa caja, ya ce ta bar ta, yana da tasa. Ku riƙe wannan maganar ta caja, za mu dawo kanta.

Da magariba ya kira: bod, wato babban allon da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa, ya ƙone. Akwai wani IC, ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke kan bod, da babu shi a duk faɗin Zariya, sai an aika Kano, Beirut Road. Ta tura naira 25,000 kafin alƙalami. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne wanda ya ba ta ba, ya ce na ƙaninsa ne. Kwana biyu suka zama mako guda. Yau kaya bai iso ba, gobe direba ya tsaya a Kwanar Ɗangora, jibi an yi masa rasuwa. A rana ta tara sai ya sauko da murya, ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa bod ya ƙi, amma don ya tausaya mata zai saye ta a matsayin gwangwan, naira 15,000. A nan ne ta kira ni tana kuka: "Yaya, na yi kuskure."

Na kira shi da kaina. Da ya ji muryar namiji kuma ya ji na ambaci 'yan sanda, sai ya ce in jira a Kwangila. Bai zo ba. Wani ɗan acaba ne ya miƙo mini baƙar leda ya wuce. Kuɗin kuma ya ce sun tafi a aiki.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon mai gyara a PZ, mai shago da benci da yaran aiki. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, ina cajarta?" Na ciro. Ya ɗora mita a bakinta, ya nuna mini rubutun jikin cajar: 19.5V. Mitar kuwa ko motsi ba ta yi ba, sifili. Sannan ya kifar da kwamfutar a gabana. Kusoshi biyu babu, sauran kawunansu duk sun goge saboda an kwance su da gaggawa. Da ya ɗaga murfin sai ya yi shiru, ya sa bakin sukundireba a wani siririn gurbi ya ce, "Nan SSD ɗinku take zama." Babu komai sai ramin kusa. RAM ɗin da ke ciki 4GB ce matacciya, batirin kuma wani tsoho ne da ya kumbura har yana tura murfi. Ya cire batirin, ya sa RAM ta gwaji, ya jona cajar shagonsa, ya danna. Fanka ta juya, tambarin HP ya bayyana. Bod ɗin lafiyarsa ƙalau. Tun farko caja ce wutar ta ƙona, yarinyar ba ta lura ba har batir ya ƙare. Abin da sabuwar caja za ta magance shi ne ya ci mana naira 25,000, da RAM, da batir, da SSD mai ɗauke da aikin wata huɗu.

Shi ya sa ɗan damfarar ya ƙi karɓar cajar. Ba gyara ya zo yi ba. Duk mai gyaran gaskiya da aka kawo wa laftof da ta ƙi kamawa, caja yake fara nema, domin ita ce ta fi saurin mutuwa a irin wutarmu da janaretocinmu, kuma ita ce mafi sauƙin gwadawa.

Na zauna a shagon nan fiye da sa'a guda ina tambaya, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin gwajin farko mutum zai iya yi a ɗakinsa. Ka canza soket. Ka ari cajar wani mai irin kwamfutarka, amma ka duba rubutun jiki ya zama daidai: yawancin HP da Dell 19.5V ne, Lenovo 20V, kuma bakunansu sun bambanta, kada ka tura da ƙarfi. Idan ba ta kawo ba, ka cire caja, ka cire batir in mai fita ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka jona caja kaɗai ka gwada. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, kuma sau da yawa shi kenan. Wasu Lenovo ThinkPad ma suna da ɗan rami a ƙasa da ake zura allura don wannan aikin.

Sai ka bambance wadda ta mutu ɗungurungum da wadda ke aiki amma ba ta nunawa. Ka kasa kunne: fanka na juyawa? Ka danna Caps Lock, fitilarsa na kamawa tana mutuwa? In haka ne, kwamfutar a raye take, ka jona ta da talabijin ta wayar HDMI. Hoto ya fito, matsalar sikirin ce ko wayarsa, babu ruwan bod. In kuma fitilar Caps Lock na ƙiftawa da kanta a HP, ko fitilar caji na ƙifta ruwan lemo da fari a Dell, ka ƙirga ƙiftawar, domin kwamfutar ce ke faɗa maka inda ciwon yake, kuma kamfanonin sun wallafa ma'anar kowace ƙirga a shafukansu. RAM da ta ɗan goce ko ta yi datti tana hana nunawa, a cire a goge a mayar. Akwai ƙaramin batir mai kama da kwabo, 3V, da ke riƙe saitin BIOS, wato tsarin da ke fara tayar da kwamfuta, shi ma yana ƙarewa. Bakin da ake zura caja yana karyewa daga ciki saboda yawan fizgar waya. Ga kuma ƙurar hunturun Zariya da ke toshe fanka har kwamfuta ta riƙa zafi tana kashe kanta. In ruwa ko shayi ne ya zuba, kada ka kunna ko sau ɗaya don gwaji, ka cire caja ka kai a buɗe a tsabtace.

Bod yana ƙonewa, ban ce ƙarya ba ne kullum. Amma ko shi, sau tari abu guda ne ƙarami ya yi shot, kafasita ko MOSFET ko IC na caji, kuma mai hannu zai nuna maka wurin da mita kafin ya yanke kuɗi. Wanda ya ce maka bod ya ƙone ta waya, ba ka ga an buɗe ba, ba ka ga an auna ba, ka ce ya dawo maka da kayanka a ranar. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi kuɗin tayar mini da hankali shi ne SSD. A cikinta akwai hotunanta na gida, hoton katin NIN, takardun makaranta, da kalmomin sirri da burauza ta adana. A daren muka canza na Gmail da Facebook, muka fitar da kwamfutar daga jerin na'urorin asusunta na Google, muka cire ta daga na'urorin da ke haɗe da WhatsApp. 'Yan'uwa mata musamman, ku ji wannan da kyau: gyaran kwamfutar da ta ƙi kawo wuta ba ya bukatar kalmar sirrinki, ba ya ma bukatar SSD ɗinki. A mafi yawan laftof ana cire ta, ki ce a cire a gabanki ki sa a jaka. Ana sayar da ɗan gidan USB da ake saka ta a ciki a karanta a wata kwamfutar. In BitLocker, tsarin kulle bayanai na Windows, ya kulle ta, zai nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft ɗinki. Da mun san haka, da a ranar ta kwashe furojet ɗinta ta ci gaba da aiki a ta ƙawarta.

Wanda kwamfutarsa ke lafiya yau, ya yi wa kansa gata tun yanzu. Ka ɗauki hoton lambar da ke ƙasanta. Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka ɗauki hoton girman RAM da sunan SSD. Ranar gyara, a buɗe a gabanka ka ɗauki hoton ciki, ko ka ɗiga jan farce a gefen batir da RAM. In dole ta kwana, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da abin da ke cikinta, a shagon da za ka iya komawa gobe ka samu mai shi, kuma sunan asusun da za ka tura kuɗi ya zama nasa ko na shagon. Da muka kai ƙara ofishin 'yan sanda, abin da suka fara tambaya ke nan: ina rasit, ina shaidar abin da ke ciki. Shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp kawai muke da su. Su muka bayar, muka kuma shigar da koke a bankinta kan asusun da ya karɓi kuɗin.

Ba na son kowa ya ɗauki wannan ya yi wa masu gyara kuɗin goro. A PZ da Sabon Gari da Samaru akwai bayin Allah da suka shekara suna cin halal da wannan sana'a. Dattijon nan kuɗin cajar da RAM da SSD kawai ya karɓa, na dubawa ya ce in bari.

Babi na ɗaya zuwa na uku mun same su a imel ɗin da ta taɓa tura wa malaminta. Na huɗu ya tafi. Allah ya sa takardun tambayoyin da ta raba suna nan a kwali, yanzu haka tana sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane dare tana ɗora aikin a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta.

Tun da ta ba da labarin a hostal, ɗalibai biyu sun zo mata da irinsa sak, har da zancen IC na Kano. Ɗaya daga cikinsu ta yarda ta sayar masa da tata a kuɗin gwangwan. Jiya kuma aka turo mini tallar a wani guruf na 'yan Kongo, da sabuwar lamba da sabon suna, amma hoton teburin gyaran shi ne dai, kalmomin ma ba a canza ba: dubawa kyauta, muna zuwa har ƙofa. Na roƙi masu kula da guruf ɗin sun goge ta. Duk wanda abin ya taɓa shafa, kada ya goge saƙonni ko shaidar tura kuɗi, ya kai su ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin sun ce mana lambobin asusun da yake karɓar kuɗi da su ne za su fi saurin kai su gare shi.