Sanya Akwatin Gaban Mota Ya Riƙa Sanyi: Yadda Aikin Yake a Garejojin Maraɗi

Daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ruwan da aka ajiye a akwatin gaban fasinja sai ya koma kamar na shayi. Shi ya sa wasu masu gyaran kilim, wato na'urar sanyaya iskar mota, suka fara karɓar aikin ja wa akwatin iska mai sanyi. Dabarar ba sabuwa ba ce: akwai samfuran Volkswagen Golf da Passat da Skoda Octavia da ke fitowa da ita tun daga kamfani, da ɗan makunni a cikin akwatin mai hoton ƙanƙara. Mafi yawan Toyota Corolla da ake shigowa da su na hannu ba su da ita, su ne kuma aka fi kai wa gareji.

Aikin kansa ƙarami ne. Ana buƙatar tiyon roba mai faɗin rami milimita 12 zuwa 16, tsawon santimita 30 zuwa 50, da ɗan bakin roba da za a kafa a jikin gidan kilim, da bawul mai buɗewa da rufewa, da soso mai kaurin milimita 5, da silikon. Babu taɓa gas, babu taɓa kwamfireso. Makanike mai hannu yakan gama cikin awa biyu.

Inda ake gane gwani shi ne wurin huda. A bayan tabulo, wato allon gaban mota, iska tana bin hanya ɗaya: fanka ta turo ta, ta ratsa ebaforato, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta, sannan ta isa ƙofar da ke gauraya ta da ta hita. Ramin dole ya faɗo tsakanin ebaforato da wannan ƙofa. In aka huda kafin ebaforato, iskar da ba a sanyaya ba ce za ta shiga akwatin, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi, don wurin ya fi sauƙin kai hannu. In aka huda bayan ƙofar, ranar da direba ya kunna hita da asubar hunturu akwatin ma zai ɗumama. Mai gaggawa kuwa yakan danna mahudi ya zarce cikin ebaforaton. Bututunsa na alminiyum ne siriri, sai ka ji "fuu", gas ɗin R134a ya tsere. Daga nan an shiga babban aiki, don a motoci da yawa sai an sauke tabulo gaba ɗaya kafin a canja shi. Wanda ya san aiki yakan naɗa salatif a bakin mahudin kada ya wuce milimita 5, ko ya narka ramin da ƙarfe mai zafi.

Akwai abu biyu da ya kamata mai mota ya tsaya ya gani da idonsa. Na farko, a cire batir kafin a fara, domin jakar iskar da ke kare fasinja lokacin haɗari tana daidai saman akwatin, wayoyinta masu soket ruwan ɗorawa ne, ba a ja su ba a ɗaura tiyo a kansu. Na biyu, a Corolla matatar iskar cikin mota tana bayan akwatin ne. Tiyon da ya gitta mata ƙofa zai hana ciro ta, alhali da ƙurar hunturun nan matatar ba ta daɗewa take toshewa.

Sakamakon fa? Idan kilim ɗin na da lafiya, iskar da ke fita daga ebaforato ba ta cika wuce digiri 10 ba, amma akwatin roba ne marar kauri, rana kuma na dukan tabulo ta gilashi. Ba a liƙa soso a jikinsa ba, rabin sanyin ya tafi a banza. Ruwan da aka sa da sanyinsa zai riƙe shi har Damagaram, tafiyar kilomita sama da 200. Wanda aka sa da ɗumi sai dai ya ɗan huce. Ka ce wa makanike: "Maigida, a gwada kafin in biya." A sa ma'aunin zafi a ciki, a rufe, a kunna kilim a kan juya iskar ciki na minti 15, a duba.

Aibinsa shi ne raɓa. Da damina, in aka buɗe akwati mai sanyi, danshi ya kwanta a kan abin da ke ciki, takardun mota da na inshora su fara lanƙwashewa. A sa su a leda, ko a rufe bawul idan babu abin sanyayawa. Aikin da aka yi babu bawul bai cika ba, kada a karɓa.

Masu ciwon suga kuma su kiyaye: insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8, akwatin nan bai da abin daidaita hakan, kuma da an kashe inji a rana cikin mota na iya kaiwa digiri 60. Ajiye shi aikin kula ne, wato akwatin riƙe sanyi mai ƙanƙara.