Sayen Sutura a Istanbul: Mol, Pasaj, Ko Tsohuwar Kasuwa?

Mutanenmu da yawa suna sauka Istanbul da akwatuna biyu fanko da doguwar takardar saƙon 'yan'uwa. Wata lefe za ta haɗa wa ƙaninta, wani kwat da takalmin ofis yake nema, wata kuma kayan Sallar yara ne suka kawo ta. Kwana huɗu ko biyar gare su, kuma mafi yawa daga masauki sai tsohuwar kasuwar Grand Bazaar, don ita ce sunan da kowa ya sani. A nan ake fara asara. Birnin nan kasuwanni ne iri-iri, kowace da abin da ta ƙware a kai da irin cinikinta, kuma wanda ya kai buƙatarsa inda ba gidanta ba zai biya kuɗi mai yawa ya ɗauko abin da bai kai ba.

Shawarata ita ce ranar farko a ba mol, wato babban ginin kantunan zamani, ko da ba za a sayi komai ba.

Dalilin kuwa farashi ne. Kuɗin Turkiyya ya sha faɗuwa: a farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lira 4 ba, a 2024 ta haura 30, kuma a watan Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari. Don haka duk farashin da wata ta faɗa miki na zuwanta shekara biyu baya, ki ajiye shi gefe, ya riga ya tsufa. A mol komai da kuɗinsa a jiki, babu tayi babu albarka. Idan ka zaga shaguna biyar ko shida ka ga nawa ake sayar da rigar auduga, wandon jins, gyalen siliki da takalmin fata na gaske, ka samu ma'aunin da za ka riƙe a duk inda za ka shiga ciniki daga baya. Wanda bai da wannan ma'aunin, duk abin da ɗan kasuwa ya yanka masa sai ya raba biyu ya ɗauka ya yi wayo, alhali ko rabin ma ya fi kuɗin kanti.

Mol-mol ɗin kuwa ba ajinsu ɗaya ba. Wanda na fi tura baƙo shi ne Cevahir da ke unguwar Şişli, wanda aka buɗe a 2005. Hawa shida ne, shaguna birjik, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M2 yana ajiye mutum a bakinsa, tasha biyu kacal daga dandalin Taksim. A ciki za ka tarar da kamfanonin Turkiyya na masu matsakaicin ƙarfi: LC Waikiki da DeFacto wajen kayan yara da na zaman gida, Koton wajen kayan 'yan mata, Mavi wajen jins, Kiğılı da ire-irensa wajen kwat da rigunan maza. İstinye Park, na 2007, da Zorlu Center, na 2013, na masu hannu da shuni ne. Can ake zuwa neman Beymen da Vakko, kantunan Turkiyya masu tsada, da manyan sunayen Faransa da Italiya. Sai kuma kantunan ragowar kaya irin su Olivium a Zeytinburnu, inda kamfanonin nan suke zubar da kayan da yayinsu ya wuce da rangwame mai kauri. Ga mai sayen kayan yara da yawa, babu inda ya kai nan riba, don yaro bai san yayin bara da na bana ba.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada ka kashe kuɗinka a kan kayan kamfanonin waje kana zaton Turkiyya araha. Takalmin wasanni na Amurka ko jakar Italiya ba su da wani sauƙi a nan, sau da yawa ma sun fi tsada. Ribar Istanbul tana cikin abin da Turkawa suka saƙa suka ɗinka da kansu, musamman auduga, jins, tawul, gyale da fata.

Mol yana da wasu alfanun da ba a ganinsu sai an rasa su. Akwai ɗakin gwaji, kuma gwajin ya zama dole, domin ɗinkin Turkawa yakan matse. Mai sa lamba 42 a gida ta ɗauki 44 ta shiga da su duka biyu. Ana ba da rasit, ana canza kaya idan ba a cire takardar jiki ba. Ana karɓar kati. Akwai wurin sallah da na alwala, ga abinci, kuma a buɗe suke kullum daga goma na safe zuwa goma na dare har ranar Lahadi. Shagunan kwat da dama suna rage tsawon wando idan ka nema. Illarsa ita ce yana bin yanayin garin, ba na garinmu ba. Wanda ya je a Disamba zai tarar da rigunan sanyi masu nauyi da ba su da amfani a Kano ko Yamai in ban da 'yan makonnin hunturu. Kayan da suka dace da zafinmu sun fi samuwa daga Mayu, kuma a Yuli da Agusta ake karya kuɗinsu. In ka ga an rubuta indirim a gilashin shago, rangwame ake nufi.

Daga nan sai pasaj, waɗanda ni su ne suka fi kwanta mini a rai, ko da yake ba kowa zan tura can ba. Rufaffun lunguna ne da suka ratsa cikin tsofaffin gine-gine, shaguna dama da hagu, kuma mafi yawansu suna kan titin İstiklal, wanda ya miƙe daga dandalin Taksim zuwa Tünel, tafiyar kusan kilomita ɗaya da rabi. Babbar gobarar 1870 ta cinye sashe mai yawa na unguwar, sai attajiran lokacin suka sake gina ta da dutse bisa salon Turai, shi ya sa da yawansu na waɗannan shekarun ne. Mutum zai iya wuce ƙofarsu sau da dama bai lura ba, don ƙofar ƙarama ce, sai ka shiga ka ga wuri ya buɗe.

Kowanne da halinsa. Çiçek Pasajı na 1876 shi ne ya fi suna kuma ya fi kyan gini, amma babu sutura a ciki, gidajen abinci ne da ake shan giya. A leƙa a ga gini a wuce. Avrupa Pasajı da ke kusa da shi na kayan tsaraba ne da tsofaffin tarkace. Hazzopulo yana da fili a tsakiya inda ake zama shan shayi, da ƙananan shagunan sarƙa, 'yan kunne da jakunkuna. Atlas Pasajı shi ne na matasa: riguna masu zane, kayan ƙananan maɗinka da ba su da suna a mol, da abin da ba za ki gan shi jikin kowa ba idan kin koma gida. Terkos Pasajı kuwa, can ƙasa wajen Tünel, shi ne gidan araha. A nan ake tara ragowar kayan da masana'antu suka ɗinka don fitarwa waje, a jibge kan tebura da rataye, wasu an yanke musu tambari.

Ga gaskiyar pasaj: kuɗinsa ƙasa yake da na mol ƙwarai, amma kai ne mai duba wa kanka. Galibi babu ɗakin gwaji, in an saya an saya, kuma tsabar kuɗi suka fi so. Cikin tarin akwai lafiyayyu, akwai kuma waɗanda aka ƙi saboda aibi: ɗinki ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya, ko ɗan tabon rini a baya. Ki ɗaga riga sama wajen haske. Ki juya cikinta ki bi ɗinkin hammata da na gefe, ki ja zif sama da ƙasa, ki ƙirga maɓallai. Ki nemi 'yar takardar da ke ɗinke a ciki: pamuk auduga ce, ipek siliki, kuma adadin da ke gabansu shi ne zai gaya miki ko rigar za ta sha iska ko za ta dafa ki a watan Afrilu. Ki zo da tef ɗin awo a jaka, da awon duk wanda ya ba ki saƙo, don lambar da ke jikin kayan nan ba abin dogaro ba ce. Mai haƙuri da ido zai fito da kaya masu kyau a kuɗi kaɗan. Mai gaggawa, ko mai neman abu guda kala shida lamba shida, ya bar pasaj, ba zai samu ba.

Yanzu ga Kapalıçarşı, wadda baƙi suke kira Grand Bazaar. An fara gina ta a 1455 zamanin Sarki Muhammadu na Biyu, shekara biyu bayan ya ci birnin, kuma yau tana da rufaffun layuka 61 da shaguna wajen 4,000. Ta cancanci a ba ta yini guda don kallo kawai. Amma ba wurin sayen kayan sawa na yau da kullum ba ne. Kuɗin hayar shago a ciki mai nauyi ne, kuma a kan baƙo ake fanshe shi. Abin da ya dace a nema can shi ne gyale da mayafi masu kyau, rigar fata, da gwal a layin Kalpakçılar. Mai sayen gwal ta lura da hatimin da ke jiki: 585 na nufin karat 14, 750 karat 18, 916 karat 22. Sarƙoƙi da zobba da yawa na Turkiyya karat 14 ne, ƙasa da abin da matanmu suka saba saye a Saudiyya ko Dubai, kuma ranar da za a sayar a gida wannan bambancin zai fito fili. A tambayi kuɗin giram daban, kuɗin aiki daban.

Jakunkuna da takalma masu manyan tambura da suka cika wasu layukan kasuwar, a kuɗin da bai kai na asali ba ko kusa, jabu ne, kuma jami'an kwastan na ƙasashen Turai suna iya ƙwace su ga wanda zai wuce can. Za a ba ka shayi a shago. Karamci ne na al'adarsu, sha ba ya wajabta saye. Wanda zai tare ka a hanya ya ce zai kai ka shagon ɗan'uwansa kuwa, kamashonsa a cikin kuɗinka yake. A tuna kasuwar ba ta ci ranar Lahadi da ranakun Sallah.

Abin da 'yan'uwa mata suka fi zuwa nema, wato dogayen riguna, abaya, hijabi da kayan fita na mutunci, ba a mol ko pasaj ya fi yawa ba. Titin Fevzipaşa ne a unguwar Fatih, kusa da babban masallacin unguwar. Shaguna ne jere na suturar Musulunci da rigunan amare, har da na kamfanoni irin su Armine da Aker da suka yi suna wajen gyale. Ranar Laraba kuma kasuwar mako tana ci a layukan da ke kewaye da masallacin. Haka nan gangaren Mahmutpaşa, wanda ya sauko daga bayan Kapalıçarşı zuwa Eminönü: nan Turkawa masu ƙaramin ƙarfi suke haɗa kayan aure, kayan barci, tawul da kayan jarirai. Taku kaɗan ne daga tsohuwar kasuwar, amma kuɗin ya sauka sosai. Ga mai haɗa lefe, waɗannan wurare biyu sun fi duk sauran amfani.

Sari kuma duniya ce daban. Laleli, tasha ɗaya daga Kapalıçarşı a jirgin kan titi na layin T1, ita ce Kantin Kwarin Istanbul: benaye cike da dilolin kaya, 'yan dako, da ofisoshin kago masu aikawa Afirka. Ta bunƙasa ne a shekarun 1990 da fataken Rasha, daga baya Larabawa da 'yan Afirka suka shigo. Osmanbey ta fi ƙarfi a kayan mata na biki da yadi, Merter a kayan yau da kullum. A waɗannan wurare ba a sayar da guda; seri ake ɗauka, wato samfuri ɗaya a duk lambobinsa. Ki tambaya tun daga ƙofa ko toptan kaɗai suke yi, wato sari, kada ki ɓata awa guda kina zaɓe. Idan ku uku ne ko huɗu masu jiki daban-daban, kuna iya haɗa kuɗi ku raba seri ɗaya, kuma wannan dabara ce mai kyau.

Atamfa, shadda da leshi kuwa, a bar su sai an dawo. Ba Turkiyya ce tushensu ba, kuma zaɓin da ke Kano ya fi na can nesa ba kusa ba. Gara a bar nauyin akwati ga takalma, jakunkuna, gyale da kayan yara.

Saura maganar haraji. Sutura tana ɗauke da harajin kaya na kashi 10 cikin ɗari tun Yulin 2023, kuma baƙo yana iya karɓar wani abu daga ciki idan zai fita, amma sai daga shagon da ke cikin tsarin, wanda galibi na mol ne ko manyan kantuna, ba na pasaj ba. A nuna fasfo a wurin biya a karɓi takardar. A filin jirgi a kai ta wurin kwastan su buga hatimi kafin a miƙa akwati, domin suna iya cewa a nuna kayan, kuma dole kayan su fita ƙasar cikin wata uku. Kamfanin da ke biyan kuɗin yana cire nasa kason, don haka abin da zai dawo bai kai kashi goman ba. A kan kwat biyu da takalma masu tsada ya cancanci layin. A kan 'yan rigunan yara bai kai wahalar ba. Kafin ranar tafiya a auna akwatuna a masauki, kuma idan kaya sun haura abin da tikiti ya ba da, a tambayi kuɗin kilo a ofisoshin kago na Laleli a gwada da na kamfanin jirgi, a kuma karɓi takardar shaida mai ɗauke da nauyi, adadin ƙunshi da wurin da za a karɓa a gida.